Baba da Inna Su Zauna a Gida ko Su Dawo Wurinmu? Yadda Za Mu Auna Amincin Gida

A Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura, gidaje da yawa sun zama na tsofaffi da jikoki. 'Ya'ya sun tafi Kano ko Kaduna ko Abuja neman abinci, wasu kuma suna fita cirani da zarar an kai amfanin gona rumbu. Muddin Baba yana iya zuwa gona, Inna kuma tana iya hura wuta, ba mai tayar da maganar. Amma ranar da aka bugo waya aka ce ɗayansu ya faɗi a banɗaki, sai tambaya ta taso: su ci gaba da zama a gida, ko mu ɗauko su su dawo wurinmu?

Yawancinmu da ido muke amsa wannan tambayar. Idan muka ga gidan siminti mai tayil da famfo, sai mu ce ai ya fi. Iyayenmu kuma da zuciya suke amsawa. A can gonarsu take, a can maƙwabtansu suke, a can aka binne nasu iyayen. Kowane ɓangare yana da hujja. Amma kyan gini kaɗai ba ya nuna inda tsoho zai fi zama lafiya, sabo ma haka. A wannan talifin za mu tattauna abubuwa huɗu da ya kamata mu auna kafin mu yanke shawara: jikin tsohon, gidan, mutanen da ke kusa, da hanyar zuwa asibiti.

Me ya sa batun yake da muhimmanci?

Babban haɗarin da ke jiran tsoho a cikin gida shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 suna mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗannan suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Wani rahoton hukumar na shekara ta 2007 ya nuna cewa kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa kowace shekara. Wato kusan tsoho ɗaya cikin uku.

Faɗuwar yaro da ta tsoho ba ɗaya ba ce. Yaro yakan tashi ya karkaɗe rigarsa. Ƙashin tsoho kuwa ya riga ya yi rauni, musamman na mata bayan sun daina al'ada. Idan ƙashin ƙugu ya karye, mutum yakan daɗe a kwance, kwanciyar kuma takan jawo gyambon baya da ciwon huhu da mutuwar ƙarfin ƙafa. Ko da bai karye ba, tsoron sake faɗuwa yakan hana shi fita. Rashin fita yana ƙara raunana ƙafa, raunin ƙafa kuma yana kawo wata faɗuwar. Shi ya sa rigakafi ya fi magani.

Mu fara da jiki kafin gini

Gidan da ya dace da mai shekara 65 da ke hawa keke zai iya zama tarko ga mai shekara 80 da ido ya dushe. Saboda haka mu fara sanin halin da jikin yake ciki. Ga tambayoyin da za su taimaka mana:

Shin ya faɗi a cikin shekarar da ta wuce? Tsofaffi da yawa sukan ɓoye wannan don kada a ɗauke su daga gida. Mu tambayi jikoki da maƙwabta ma. Wanda ya taɓa faɗuwa ya fi kusa da sake faɗuwa.

Yaya tashinsa da tafiyarsa? Akwai gwaji mai sauƙi da ma'aikatan lafiya suke yi. A zaunar da mutum a kujera, a ja layi a ƙasa nisan mita 3. Ya tashi, ya je layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya zauna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukan wanda ya kai daƙiƙa 12 ko fiye a matsayin mai haɗarin faɗuwa. Agogon waya ya isa a yi gwajin, amma wani ya tsaya kusa da shi.

Yana jin jiri idan ya miƙe? Jini yakan sauka farat ɗaya sa'ad da tsoho ya tashi daga kwance. Wasu magungunan hawan jini da na barci da na mura, irin su Piriton, suna ƙara jiri ko magagi. Kada mu dakatar da magani da kanmu. Mu tattara duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, mu kai wa ma'aikacin lafiya ya duba.

Yaya ido da kunne? Yanar ido tana cikin manyan abubuwan da ke makantar da tsofaffi, alhali aikin cire ta ba ya ɗaukan lokaci. A Kano akwai asibitocin ido da suka daɗe suna wannan aiki. Wani lokaci gyaran ido ya fi gyaran gida rage haɗari.

Yana mantuwa fiye da da? Idan Inna ta soma barin tukunya a wuta, ko Baba ya fita ya kasa gane hanyar gida, wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke zuwa wa wasu da tsufa. Ba maita ba ce, ba kuma asiri ba. Irin wannan mutum bai kamata ya kwana shi kaɗai ba.

Mu bi sawunsu daga gado zuwa banɗaki

Hanya mafi kyau ta binciken gida ita ce mu bi inda tsohon yake bi, a lokacin da yake bi. Ziyarar rana ba ta isa ba. Mu kwana a gidan, mu bi hanyar banɗaki da tsakar dare, don tsofaffi sukan tashi fitsari sau biyu ko uku kafin asuba.

Mu fara da wurin kwana. Tashi daga tabarma ko katifar ƙasa yana bukatar ƙarfin gwiwa da yawa. Gado ko kujerar da ta kai tsayin gwiwa, yadda tafin ƙafa zai taka ƙasa idan an zauna, ta fi sauƙin tashi. A bakin gado a ajiye tocila da sanda da takalmin da ke kama ƙafa. Silifas ɗin da ya siɗe yana cikin abubuwan da suka fi kayar da mutane.

Sai dokin ƙofa. Ana ɗaga shi ne don hana ruwa shiga ɗaki, amma ƙafar da ba ta ɗaguwa sosai tana tuntuɓe da shi. Idan ba za a rage shi ba, a shafa masa farar ƙasa ko farin fenti don a gan shi, a kafa abin riƙewa a gefen ƙofa.

A tsakar gida, mu lura da turken awaki da igiyarsu, da turmi, da buta, da fartanya, da igiyar shanya da ta yi ƙasa. A ware hanya ɗaya daga ɗaki zuwa banɗaki wadda ba a ajiye kome a kanta. Ƙaramar fitilar sola ɗaya a saman ƙofar ɗaki, ɗaya a bakin banɗaki, sun isa su haskaka ta. Hasken yana kuma taimakawa a ga kunama ko maciji, musamman da damina.

Banɗaki ne ya kamata mu fi daɗewa a kai. Wurin wanka da kwata sukan yi gansakuka, siminti mai sulɓi kuma da ruwan sabulu ba ya riƙe ƙafa. A kankare gansakukar, a sa magini ya yi wa daɓen kaushi, a gyara hanyar ruwa don kada ya kwanta. A ajiye kujera mai ƙarfi don a yi wanka a zaune. Tsuguno a masai yana wahalar da mai ciwon gwiwa, tashin ma ya fi wuya. Kafinta zai iya huda kujerar katako a ɗora a kan ramin, a kuma kafa ƙarfe ko itace mai ƙwari a gefe don riƙewa. Mu duba murfin masan kansa. Idan a kan itace aka ɗora shi, gara da danshi suna cinye itacen daga ƙasa ba tare da an gani ba, kuma da damina ne ya fi rubzawa. Da dare kuwa, ba abin kunya ba ne a ajiye fo ko bokiti mai murfi a ɗaki.

Ruwa fa? Idan rijiyar gidan ba ta da baki mai tsayi da murfi, haɗari ce ga tsoho da jika duka. Jan guga da ɗaukan jarka daga tuƙa-tuƙa ba aikin mai shekara 75 ba ne. Mu tambayi kanmu: wa yake cika randa kowace rana?

Wuta da hayaƙi da zafi

Da hunturu, a watannin Disamba da Janairu, tsofaffi sukan shigar da kaskon garwashi ɗaki su rufe ƙofa da taga. Garwashi yana fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da kasala, mai barci kuma zai iya wucewa bai farka ba. A ɗumama ɗaki tun da yamma da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo. Janareto ma irin wannan iskar yake fitarwa. Kada a kunna shi a zaure ko a bakin taga. A nisanta shi da ɗakin kwana aƙalla mita 6.

A madafa, mu lura da bakin zane da mayafin da ke lilo kusa da murhu. Mu lura da kyandir da maganin sauro na kunnawa kusa da gidan sauro da katifa. A ƙauyukan da ke da ɗakunan ciyawa da dangar kara, wuta tana gudu da iskar hunturu fiye da yadda tsoho zai iya gudu. Ƙofar ɗakinsa ta zama mai saurin buɗuwa, kuma wani na kusa ya riƙe mabuɗi na biyu.

Da bazara kuma, a Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a wannan yanki. Ɗakin kwano marar silin yana zama kamar tanda, alhali soron ƙasa yana riƙe sanyi. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri, saboda haka sai an riƙa miƙa musu ruwa. Inuwar darbejiya ko rumfa a tsakar gida tana cikin abubuwan da za mu lissafa.

Ginin zai jure damina?

Ruwan sama a nan yakan yi ƙarfi a Yuli da Agusta. A ambaliyar shekara ta 2022, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi shan wahala a Najeriya, gidajen ƙasa da yawa kuma sun rushe. Ginin ƙasa ba ya bukatar kogi ya cika kafin ya faɗi. Ruwan kwana biyu ko uku da ya jiƙa gindin bango ya isa.

Ginin ƙasa yana daɗewa idan ana kula da shi, amma kulawar aikin masu ƙarfi ne. A da, ana yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Idan samarin gida sun yi nisa, wa yake yi? Kafin watan Yuni, mu kira magini ya duba waɗannan: tsagar da ke ƙara faɗi, bangon da ya karkata ko ya yi ciki, gindin bangon da ruwa ya zaizaye, azarar da ta lotsa ko gara ta ci, da indararon da ya toshe. Mu duba kuma inda ruwan unguwa yake bi. A ƙasar Kazaure da Roni akwai duwatsu da tuddai, ruwa yana gangarowa da gudu, gidan da ke kan hanyarsa kuma yana cikin haɗari ko da an yi masa yaɓe. Idan kuɗi bai isa gyaran gida duka ba, a gyara ɗaki ɗaya sosai, wanda tsohon yake kwana a ciki.

Gidanmu na birni ma yana bukatar bincike

A nan ne yawancinmu muke sakaci. Mukan binciki gidan ƙauye da kyau, mu ɗauka namu ba shi da aibi. Bari mu auna shi da mudu ɗaya.

Tayil mai sheƙi da ruwa ya zuba a kai ya fi daɓen ƙasa santsi, kuma ya fi shi tauri idan aka faɗi. Idan a bene muke zama, matakala za ta iya mayar da Baba ɗan kurkuku. Idan wutar lantarki ta ɗauke da dare, tsohon da ya haddace kowane lungu na gidansa bai san inda bango yake a namu ba. Ga risho na gas da bai saba da shi ba, ga titi da babura a ƙofar gida.

Sai tambaya mafi nauyi: wa yake gida da rana? A Buntusu ko Dabi, idan tsohuwa ba ta fito ba har hantsi, maƙwabciya za ta leƙo. A wasu unguwannin birni, maigida yana kasuwa, uwargida tana wurin aiki, yara suna makaranta, ƙofa kuma a kulle. Wanda ya faɗi da safe zai iya kwanciya a ƙasa har la'asar. Kaɗaici ma ciwo ne. Tsohon da ya rasa abokan hira a dakali da hanyar da yake bi zuwa wurin ibada yakan daina motsi, ya rage cin abinci. Ga mai ciwon mantuwa kuwa, sabon wuri yakan ƙara ruɗa shi.

Wannan ba ya nufin gidan birni bai dace ba. Sau da yawa shi ne ya fi, musamman idan akwai ɗaki a ƙasa, da banɗaki a kusa, da mai zama a gida. Abin nufi shi ne a bincika shi kamar yadda aka binciki ɗayan.

Wa zai ji kira, kuma asibiti yana da nisa?

Mu rubuta sunayen waɗanda za su iya isa wurin tsohon cikin minti biyar. Mu yi lissafin sau biyu, na damina da na rani, domin gidan da ke cike da samari lokacin noma yakan zama wayam lokacin cirani. A ba tsohon ƙaramar waya mai manyan lambobi, a tabbata akwai mai yi mata caji. A shirya da mutum ɗaya da zai riƙa leƙowa safe da yamma.

Sai hanya. Asibitin mazaɓa zai iya auna hawan jini da suga, ya ba da maganin zazzaɓi. Abin da ya fi ƙarfinsa sai babban asibiti, kamar na Kazaure. Karayar ƙugu takan bukaci tiyata, irin wadda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ga mutumin Gwiwa, Kano ta fi Dutse kusa, ko da yake Dutse ce babban birnin jiha. Mu tambayi kanmu: mota tana isa ƙofar gida a watan Agusta? Wa yake da mota a garin, muna da lambarsa? Wanda ƙugunsa ya karye ba a ɗora shi a babur. Haka ma wanda bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe. Waɗannan alamun shanyewar ɓarin jiki ne, kowace sa'a kuma tana da tsada.

Mu nemi bayani kan taimakon da ke akwai. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta shekara ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da aka tanadi asusu dominsu. Yana da kyau mu tambaya a asibitin mazaɓarmu ko ana rajista.

Abin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa

Bayan binciken, mu raba abin da muka gani gida biyu. Duhu, santsi, dokin ƙofa, masai, gado da yaɓe duk suna gyaruwa, yawancinsu da kuɗin da bai kai na jinyar karaya ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka: 'ya'ya su haɗa kuɗi, samarin unguwa da 'yan'uwa a wurin ibada su yi gayya ta yini ɗaya.

Wasu abubuwan kuma ba sa gyaruwa da siminti. Gidan da ke kan hanyar ruwa, garin da rafi yake yankewa da damina, mantuwar da ta yi nisa, ciwon da ke bukatar ganin likita kowane mako, ko rashin kowa a kusa da dare. Idan ɗaya daga cikin waɗannan yana nan, lokaci ya yi da za a yi maganar canji.

Canjin ba lallai ya zama ƙaura ta dindindin ba. Wani jika ko ɗan'uwa zai iya dawowa ya zauna da su, sauran su ɗauki nauyinsa. Za a iya raba shekara, su yi watannin da suka fi haɗari a wurinmu, su koma gida idan sun wuce. Za a iya kama musu ɗaki a Kazaure ko cikin garin Gwiwa, kusa da asibiti kuma ba nesa da gona da dangi ba. Idan kuma ƙaura ce ta zama dole, a fara da gwajin wata ɗaya ko biyu, a bar ɗakinsu na gida yadda yake. Kuma kada mu manta da wadda hidimar za ta faɗa a kanta, wadda sau da yawa suruka ce ko 'ya. A nemi yardarta, a raba mata aikin.

Yadda za mu yi maganar da su

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Iyayenmu sun san wurin da ke ba su tsoro a gidan, amma ba za su faɗa ba idan suna ganin amsar za ta raba su da shi. Saboda haka kada mu zo da shawarar da muka riga muka yanke a waya tsakaninmu. Mu zauna, mu gaisa, mu yi tambaya: "Baba, wane wuri ne ya fi ba ku wahala a gidan nan?" "Inna, idan da za a gyara abu ɗaya, me kuke so a fara da shi?" Mu saurari abin da suke tsoron rasawa. Wani gonarsa ce, wata awakinta, wani kuma yana tsoron a sayar da gidan bayan idonsa. Yawancin waɗannan suna da amsa idan an faɗe su a fili.

Muddin hankalinsu yana nan, su ne masu kalmar ƙarshe. Suna da 'yancin zaɓan zama a inda suka saba ko da akwai ɗan haɗari, mu kuma aikinmu shi ne mu rage haɗarin iyakar ƙarfinmu. Jiki yana canjawa, gini ma haka. Don haka mu sa wa kanmu lokaci biyu a shekara, kafin saukar damina da kafin shigowar hunturu, da kuma duk lokacin da aka faɗi ko aka kwanta ciwo, mu sake bin hanyar nan daga gado zuwa banɗaki tare da su.